Kalmar "ignore" a saƙon waya da kanun jarida: me take nufi, kuma me ba ta nufi?

Duk mai asusun banki da waya a hannu ya saba ganin wannan kalma. Banki ya turo tunatarwar biyan bashi, a ƙarshe ya rubuta "please ignore if already paid". Wata hukuma ta fitar da sanarwa cewa jama'a su yi "disregard" da takardar ɗaukar ma'aikata da ke yawo a WhatsApp. Jarida ta buga kanun cewa wani shugaban ma'aikata ya yi "ignore" da gayyatar majalisa. Idan labaran nan uku suka iso rediyo da Hausa, sau da yawa kalma ɗaya ce take ɗauke su duka, wato "watsi". Mai sauraro kuwa sai ya rasa gane ko an ƙi abin ne a fili, ko an yi shiru ne kawai, ko mantawa aka yi, ko ma ba a san da shi ba. Waɗannan abubuwa huɗu ne daban, kuma a gaban alƙali ko a gaban ma'aikacin banki hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

## Ma'anar kalmar a Turancin yau

"Ignore" aikatau ne, kuma yana nufin mutum ya ga abu, ko ya ji shi, ko ya san da shi, sannan ya ƙi ba shi kulawa. Ƙamus na Merriam-Webster ya fassara shi da ƙin lura da abu. Sharuɗɗa biyu ne a ciki: akwai sani, akwai kuma zaɓi. Wanda saƙo bai kai gare shi ba, ba a cewa ya yi "ignore" da shi. Haka wanda ya karanta ya yi niyyar amsawa sannan hidima ta ɗauke masa hankali, wannan mantuwa ce. Mafi kusancinsa a Hausa shi ne yin biris, ko yin kunnen uwar shegu, ko abin da matasa ke kira sharewa da basarwa.

Akwai wani abu da kalmar ba ta ɗauke da shi, kuma nan ne ruɗani yake yawan shiga. Ba ta nufin an ba da amsa. Wanda ya yi "ignore" da buƙata bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da zarar ya buɗe baki ya ce bai yarda ba, Bature ya sauya kalma, ya koma "reject" ko "refuse".

Wajen gina jimla ba ta da wahala. Abin da aka yi biris da shi yana biyo ta kai tsaye: "she ignored the letter", ta yi biris da wasiƙar. Ba a cewa "he ignored to pay". A nan "he failed to pay" ko "he neglected to pay" ake cewa. Kuma ba ta da suna nata da aka saba amfani da shi. Ɗalibi kan ɗauka "ignorance" ne sunan aikin, alhali "ignorance" rashin sani ne, "ignorant" kuma wanda bai sani ba. Dalilin da ya sa 'yan gida ɗaya suka raba hanya haka yana cikin tarihin kalmar.

## Yadda rashin sani ya koma ƙin kulawa

Asalinta Latin ne, "ignorare", ma'ana rashin sani, kuma ta hanyar Faransanci ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 17 da wannan ma'ana. Ba ta samu karɓuwa nan da nan ba. Samuel Johnson, a ƙamus ɗinsa na 1755, ya fassara ta da rashin sani, ya ƙara da cewa masanin kimiyya Robert Boyle ya yi ƙoƙarin shigo da ita amma mutane ba su karɓa ba.

Inda ta zauna da gindinta shi ne kotu. A tsohon tsarin shari'ar Ingila, kafin a gurfanar da mutum kan babban laifi, wata tawagar mutanen gari takan duba takardar tuhuma ta ga ko akwai hujjar da ta isa a yi shari'a. Idan suka ga babu, sai su rubuta kalmar Latin "ignoramus" a bayan takardar, wato ba mu san da wannan ba. Ba wai ba su karanta ba ne. Sun karanta, sun saurari shaidu, sannan suka zaɓi su ɗauke ta kamar ba ta zo gabansu ba. Irin wannan rashin sani na ganin dama shi ne ya share wa sabuwar ma'anar hanya, kuma daga farkon ƙarni na 19 aka fara samun "ignore" da ma'anar ƙin kulawa. Sannu a hankali sabuwar ta danne tsohuwar. Ingila ta soke yawancin aikin waccan tawaga a 1933, amma Amurka tana amfani da ita har yau, kuma ƙamus na ci gaba da kawo ma'anar kotun a matsayin ta biyu.

"Ignorance" da "ignorant" su ba su bi ta wannan hanya ba, shi ya sa suka tsaya kan ma'anar farko. Sananniyar ka'idar nan ta lauyoyi, cewa rashin sanin doka ba uzuri ba ne, da "ignorance" ake faɗar ta, kuma tana rubuce a sashe na 22 na kundin laifuffuka da jihohin kudancin Najeriya suka gada. Maganar wanda bai san dokar ba ake yi a can. Wanda ya san ta ya take, wannan wani babi ne.

## Tsakanin Katsina da Maraɗi

Wannan tarihi yana da amfani na zahiri ga Hausawa, domin iyaka ta raba su tsakanin makarantar Turanci da ta Faransanci. A Faransanci "ignorer" ta riƙe ma'anarta ta asali. Idan ɗan Maraɗi ko Damagaram ya ce "j'ignore son nom", cewa yake bai san sunan mutumin ba. Ka'idar lauyoyin da aka ambata a sama ma da wannan aikatau ake faɗar ta a kotunan Nijar: "nul n'est censé ignorer la loi", ba a ɗaukar cewa akwai wanda bai san doka ba. Faransanci yana amfani da kalmar wajen share mutum da gangan, musamman idan mutum ne ya biyo bayanta, amma ma'anar rashin sani tana nan da ranta.

Saboda haka ɗan kasuwar da ya yi boko a Nijar yana iya rubuta wa abokin cinikinsa na Kano "I ignore the new price", da nufin bai san sabon farashi ba. Na Kano kuwa abin da zai karanta shi ne: na ga sabon farashinka, ban damu da shi ba. Mai neman bayani ya zama mai raini ba tare da ya sani ba. Haka kuma masu fassara rahotanni daga Yamai zuwa Turanci ko Hausa suna bukatar lura: jami'in da ya ce gwamnati "ignore" inda wasu mutane suke, yana faɗin ba ta san inda suke ba ne.

## 'Yan'uwanta da inda suka bambanta

Mafi kusa da ita "disregard" ce, kuma ita hukumomi suka fi so. Ta fi kama da harshen ofis, kuma tana ɗauke da ma'anar cewa an duba abin an yanke cewa bai cancanci a yi aiki da shi ba. Shi ya sa alƙali a Amurka kan umarci masu taya shi yanke hukunci su yi "disregard" da wata maganar shaida: sun riga sun ji ta, abin da ake nema shi ne kada su sa ta a ma'auni. A nan "kada a yi aiki da shi" ya fi dacewa da Hausa. Wasu malaman Turanci suna ganin bambancin bai taka kara ya karya ba, tunda ƙamus kan fassara kowacce da ɗayar, kuma a saƙon banki ana iya musanya su ba a rasa komai ba. Wannan gaskiya ne a mafi yawan jimloli. Amma idan mutum ne a gaba, bambancin yana fitowa: wanda ka gaisar ya wuce, "ignore" ya yi da kai, ba a cewa "disregard".

"Neglect" ita ce mai nauyi a shari'a, domin tana nuna akwai haƙƙi a wuyan mutum. Uban da bai ciyar da 'ya'yansa ba, ko ma'aikacin da ya bar injin ba gyara, sakaci suka yi, ko da gangan ko ba da gangan ba. Tushenta ɗaya da "negligence", wanda ake kai ƙara a kansa a nemi diyya. Mutum yana iya yin "ignore" da tallan da aka turo masa a waya ba wanda ya zarge shi, amma "neglect" kusan kullum zargi ne.

"Overlook" kuma akasin "ignore" ce ta fuskar niyya: abu ya kuɓuce wa ido saboda gaggawa. Tana da ma'ana ta biyu, kau da kai daga laifin wani don afuwa. 'Yar'uwarta "oversight" ta fi ta rikitarwa, don tana nufin kuskuren rashin lura, tana kuma nufin sa ido, kamar aikin da kwamitocin majalisa ke yi kan ma'aikatu. Jimla ce kawai ke nuna wacce ake nufi.

Sai "snub", wadda masu rubuta kanun labarai ke ƙauna saboda gajartarta. Ita sharewa ce da ake yi a bainar jama'a don a muzanta. Idan jarida ta ce gwamna ya yi "snub" da taro, ta riga ta yanke hukunci kan abin da ke zuciyarsa, alhali abin da ta tabbatar kawai shi ne bai halarta ba.

Abin lura shi ne masu rubuta doka sukan guje wa "ignore" gaba ɗaya. Sashe na 89 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, wanda ya ba majalisa ikon ba da sammacin kamo wanda ta gayyata bai zo ba, kalmomi uku ya jera: "fails, refuses or neglects". Wanda bai zo ba, da wanda ya ƙi zuwa, da wanda ya yi sakaci, duka sun shiga, muddin bai kawo uzurin da ya gamsar da majalisar ba. An rubuta shi haka ne don kada a tsaya gardamar abin da ke cikin zuciyar mutum, wanda "ignore" za ta tilasta a tabbatar.

## Darasin canjin kuɗi na 2023

Rikicin sauya fasalin naira ya tara kusan duk kalmomin nan a cikin makonni kaɗan. Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sanar da sauya takardun 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoban 2022, aka sa wa'adin 31 ga Janairu, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairun 2023. Jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, wadda a ranar 8 ga Fabrairu ta ba da umarnin wucin gadi cewa a dakatar da wa'adin. Ranar 16 ga Fabrairu Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 ce kaɗai za ta ci gaba da aiki, zuwa 10 ga Afrilu. Ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukunci cewa tsofaffin takardun uku za su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba, ta kuma soki rashin bin umarninta na farko. Babban Bankin bai umarci bankuna su bi hukuncin ba sai ranar 13 ga Maris.

A rahotannin Hausa na lokacin an yi ta jin "watsi" ta kowane ɓangare, amma abubuwan da suka faru iri-iri ne. Kwana goman da Babban Bankin ya yi bai ce uffan ba bayan hukuncin, shi ne abin da masu suka suka kira "ignore": hukunci yana nan, an san da shi, an yi shiru. Jawabin 16 ga Fabrairu kuwa ba shiru ba ne, mataki ne da ya saɓa wa umarnin, shi ya sa masu suka suka yi amfani da "disobey" da "defy", wato saɓawa da bijirewa. Masu kare gwamnati sun kafa hujja da cewa ba a sa Babban Bankin cikin ƙarar ba, kuma ministan shari'a ya ƙalubalanci hurumin kotun tun farko, hujjar da kotun ba ta karɓa ba. Mai shagon da ya mayar wa mai saye tsohuwar dubu ɗaya "reject" ya yi. Sanarwar da bankin ya riƙa fitarwa cewa kada a saurari saƙonnin da ba daga gare shi suka fito ba, wannan "disregard" ce. Ga mai tsofaffin kuɗi a aljihu a kasuwar Kantin Kwari ko Sabon Gari, sanin ko hukuma ta yi shiru ne ko ta ce a'a shi ne sanin ko ya jira ko ya nemi mafita.

Masu aikin fassara a ɗakunan labarai suna da hujjarsu. Labarin rediyo daƙiƙoƙi ne, kanun labari kuma ba ya ɗaukar dogon bayani, "watsi" gajeriya ce kuma kowa ya san ta daga Sakkwato har Kumasi. Suna kuma cewa jimlar da ke biye takan fayyace abin da ya faru. Masu ganin a bambanta suna amsawa da cewa mutane da yawa kanun kaɗai suke karantawa a Facebook, kuma Hausa ba ta rasa kalmomin ba: akwai biris, akwai ƙin amincewa, akwai fatali, akwai bijirewa, akwai sakaci. Inda hujjar rukuni na biyu ta fi ƙarfi shi ne labarin kotu. "Kotu ta yi watsi da ƙara" kan fassara "dismiss" da "strike out" duka biyu. A ƙa'ida, ƙarar da aka yi wa "strike out", saboda rashin hurumi ko kuskuren shigarwa ko rashin zuwan mai ƙara, ana iya gyarawa a dawo da ita. Wadda aka yi wa "dismiss" bayan an saurari hujjoji kuwa ta ƙare a wannan kotu, sai dai ɗaukaka ƙara. Babu ɗaya daga cikinsu da ke nufin kotu ta yi biris.

## Inda abin yake shafar aljihu da 'yanci

Idan "ignore" ta zo a matsayin umarni, kusan kullum tana tafe da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya kamata a fara karantawa. "Ignore if already paid" yana magana ne da wanda ya riga ya biya. Saƙo ne da kwamfuta ke turawa kowa, kuma banki yana neman afuwa ne tun kafin wanda ya biya ya fusata. Ba yafe bashi ba ne, ba kuma shaidar cewa kuɗin ya shiga ba ne. Wanda ya biya amma saƙon ya ci gaba da zuwa, gara ya ɗauki rasidinsa ya je ya tabbatar an rubuta.

Saƙon lambar sirri ya fi wannan haɗari. Manhajoji da yawa kan turo lamba su ƙara da cewa idan ba kai ka nema ba, ka yi "ignore" da saƙon. Abin da ake nufi taƙaitacce ne: kada ka shigar da lambar ko'ina, kada ka ba kowa. Ba a ce babu matsala ba. Wani lokaci kuskure ne, wani ya danna lambar wayarka a madadin tasa. Amma idan saƙon ya maimaitu, ko aka biyo shi da kira ana cewa an turo maka lamba bisa kuskure ka karanto ta, to ana ƙoƙarin shiga asusunka ne. Da lambobi shida ɗin nan na WhatsApp ake ƙwace asusun mutane a riƙa roƙon kuɗi da sunansu. Yin biris da mai kiran daidai ne. Abin da ya rage shi ne a kunna matakin tsaro na biyu a manhajar, idan kuma na banki ne a sanar da bankin ta lambar da ke bayan kati ko a reshe.

Sanarwar "disregard" ita ma tana bukatar a duba daga ina ta fito, domin 'yan damfara sun koyi harshen. Sukan turo saƙo cewa a yi "disregard" da lambar asusun da aka bayar a baya, a tura kuɗi ga sabuwa. Kamfanoni da masu shigo da kaya sun yi asarar kuɗi masu yawa ta wannan hanya a ƙasashe da dama. Duk saƙon da ya soke na baya kuma ya sauya inda kuɗi za su je, a kira mai shi ta lambar da aka sani tun da, a ji daga bakinsa.

Ga ɗalibai, kalmar tana da wani aiki marar zargi ko kaɗan. Tambayar kimiyyar lissafi a jarrabawar WAEC ko NECO kan ce "ignore air resistance" ko "neglect friction". Ba a ce iska ba ta da tasiri ba, an ce a cire ta daga lissafi don a sauƙaƙa. A nan "ignore" da "neglect" ɗaya suke, kuma tushen "neglect" ɗaya ne da na "negligible", abin da ƙanƙantarsa ta sa ba a lissafa shi.

Takardar kotu ce wurin da biris ya fi tsada. Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan ba su amsa sammaci ba, shari'ar ba za ta ci gaba ba. A ƙarar neman haƙƙi, idan an tabbatar wa alƙali cewa takarda ta isa hannun wanda ake ƙara kuma bai zo ba, ana iya yanke hukunci a bayan idonsa. A shari'ar laifi kuma ana iya ba da umarnin kamo shi. A nan ne sharaɗin sani da ke cikin kalmar yake komawa abin da ake shari'a a kai: wanda ya nuna cewa ba a taɓa kai masa takardar ba yana da hujja mai ƙarfi ta neman a soke hukuncin, domin isar da sammaci ginshiƙi ne na hurumin kotu. Wanda ya karɓa ya sa hannu ya ajiye a aljihu kuwa sai ya kawo wani uzurin, kuma alƙali ne zai duba ko ya isa.